Shin ya kamata a riƙa auna sinadarin damuwa a wajen awon ciki da bayan haihuwa?

Maman_Hanifa_Gyallesu:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da wata magana da nake son masana da iyayenmu mata na wannan zaure su duba mana. Duk mai cikin da ta je awo ana gwada mata hawan jini, a duba fitsarinta, a auna yawan jininta, a ɗora ta a sikeli, amma ban taɓa jin an auna mata damuwa ba, alhali an ce akwai wani sinadari mai suna kotisol da jiki ke ƙara fitarwa idan mutum ya shiga tashin hankali, kuma ana iya ganin sa a jini. A ganina ya kamata a sanya wannan gwaji cikin awo, a kuma maimaita shi kafin maijego ta yi arba'in. Dalilina shi ne, mace za ta yi ta faɗin cewa barci ya ƙaurace mata, hankalinta ba ya kwance, miji da danginsa su ce raki ne ko shagwaɓa, amma da za ta dawo gida da takardar asibiti mai lamba a jiki, da an saurare ta. Ina gyara a wannan tunani nawa?

Abban_Sadik_Samaru:
Wa'alaikumus salam Malama. Ni dai na goyi bayan wannan shawara, domin mu maza da yawa ba mu yarda da ciwo sai mun ga abin da likita ya rubuta.

Likitar_Mata_Zazzau:
Maman Hanifa, matsalar da kika hango gaskiya ce, muna ganin ta kullum a ɗakin awo, sai dai gwajin da kika kawo ba zai iya ɗaukar nauyin da kike son ɗora masa ba. Kotisol yana fitowa ne daga wasu ƙananan ƙullutai biyu da ke zaune a saman ƙoda. Ƙwaƙwalwa ce ke ba su umarni: wani sashe nata yana fitar da sinadarin CRH, shi kuma ya taɓa ƙullutun fituwitari da ke gindin ƙwaƙwalwa ya saki ACTH, sannan ACTH ya bi jini zuwa saman ƙoda ya sa ƙullutan su fitar da kotisol. A jikin wanda ba shi da ciki, idan kotisol ya yi yawa yakan sa ƙwaƙwalwa ta rage wannan umarni.

Ciki yana sauya wannan tsari gaba ɗaya. Mabiyiya da kanta tana fitar da CRH ta zuba shi cikin jinin uwa, kuma yawan kotisol ba ya tsayar da ita, ƙara mata ƙaimi ma yake yi. Saboda haka duk macen da cikinta ya tsufa, kotisol ɗin da ke jininta yakan ninka na da sau 2 zuwa 3, ko tana zaune lafiya da mijinta ko ba ta zaune lafiya. Wannan hauhawa ba cuta ba ce, tana cikin abubuwan da ke taimaka wa huhun jariri ya nuna kafin ya fito duniya. A 1995 wasu masana a Newcastle ta ƙasar Ostireliya, ƙarƙashin Roger Smith, sun nuna cewa saurin hawan CRH na mabiyiya yana da alaƙa da lokacin da naƙuda za ta zo. Idan muka sanya gwajin cikin awo, kusan kowace mai tsohon ciki za ta fita da lambar da ta wuce ta sauran mutane, mu ƙara mata fargabar da ba ta zo da ita ba.

Abban_Sadik_Samaru:
Likita, idan haka ne, shin wannan sinadari da ya yi yawa a jinin uwa ba ya ƙetarawa ya cutar da ɗan da ke ciki?

Likitar_Mata_Zazzau:
Kaɗan ne yake ƙetarawa, Malam. A cikin mabiyiya akwai wani sinadari da ke juya mafi yawan kotisol ɗin uwa ya koma kotison, wanda ba shi da ƙarfin aiki, kafin ya isa ga jariri. Wannan kariya ba cikakkiya ba ce, shi ya sa masu bincike suka daɗe suna bin diddigin alaƙar damuwar uwa da haihuwar bakwaini ko jariri mai ƙarancin nauyi. Amma abin da ake gani a tsakanin ɗaruruwan mata a cikin bincike daban yake da abin da za a iya faɗa wa mace guda daga jininta na rana guda.

MaiGwaji_TudunWada:
Bari in ƙara daga ɓangarenmu na ɗakin gwaje-gwaje. Kotisol ba ya tsayawa wuri ɗaya ko a yini guda. Yana kaiwa ƙololuwa da safe, wajen minti 30 zuwa 45 bayan farkawa daga barci, daga nan ya yi ta sauka har tsakar dare. Matar da ta baro gida tun da sanyin safiya, ta sha jijjigar A Daidaita Sahu, ta zauna a benci tana jiran layi da yunwa har azahar, sannan ta ga allura ta tsorata, me lambarta za ta nuna? Auna shi sau ɗaya kamar mutum ya leƙa kasuwar Sabon Gari da asuba ne ya yanke hukunci a kan cinikin wata guda.

Abu na biyu, kusan kashi 90 cikin 100 na kotisol ɗin jini a ɗaure yake da furotin, ragowar ne kawai ke aiki a jiki. Sinadarin istirojin da ke ƙaruwa da ciki yana sa hanta ta ƙara yin furotin ɗin da ke ɗaure shi, gwajin jini na yau da kullum kuwa yana haɗa ɗaurarren da sakakken ne ya ba da jimilla. Iyakar da ake bugawa a gefen takardar sakamako ta mutanen da ba su da ciki ce. Har ma'aunin ya bambanta: wani ɗakin gwajin yana rubuta nmol/L, wani µg/dL, kuma 1 na biyun ya kai kusan 27.6 na farkon. Na sha ganin wanda ya jera takardu biyu daga wurare biyu ya ɗaga hankalinsa a kan bambancin da na ma'auni ne kawai.

Hajiya_Kwarbai:
Yarana, ina ta karanta bayananku ina ƙaruwa. A zamaninmu babu wannan gwaji, amma an san mai ciki da maijego ba a bari su yi zaman kaɗaici. Cikin fari idan ya kai wata 7 sai yarinya ta tafi goyon ciki gidan iyayenta, ba ta dawowa sai ta yi arba'in ko fiye. Wadda ta haihu a ɗakinta kuma akan turo mata wata tsohuwa daga dangi ta zauna da ita, ta riƙe mata jariri ta samu ta runtsa. Wannan tsohuwa ita ke fara lura idan yarinya ta daina cin abinci ko tana kuka a ɓoye. Yanzu an kai amarya gidan haya can bayan gari, daga ita sai waya, miji ya fita tun safe. Ba sai an ɗebi jini ba kafin a san halin da za ta shiga.

Ɗaliba_Shika:
Gaskiya ne Hajiya. Ina so in tambayi Malam mai gwaji game da yawu da gashi, domin a takardun binciken da muke karantawa su aka fi amfani da su, ba jini ba.

MaiGwaji_TudunWada:
Yawu ya fi jini ta fuska biyu: babu allura, kuma sakakken kotisol ne ke shiga cikinsa. Ana ba mace 'yar auduga ta musamman ta tauna, ta mayar cikin ƙaramar roba, ta rubuta lokaci, kuma sai an maimaita sau da yawa a yini, na tsawon kwana 2 ko fiye. Sharaɗin shi ne kada ta ci abinci, ta sha shayi, ta tauna goro ko ta yi asuwaki na kusan rabin awa kafin a ɗauka, domin ko ɗan jinin dasashi yana ɓata sakamako, masu ciki kuwa dasashinsu na saurin zubar da jini. Akwai kuma wata matsala tamu ta nan: wadda ta tashi sallar asuba, ta koma barci, ta sake tashi ƙarfe 7, wanne za a ɗauka a matsayin farkawarta? Da azumi kuma sahur da sallar dare suna juya lokutan barci baki ɗaya. Ga batun ajiya, wanda ke buƙatar firiza da wutar da ba ta ɗaukewa. Akwai gwajin fitsarin awa 24, amma tara shi a jarka ba ƙaramar wahala ba ce ga mai tsohon ciki.

Ɗaliba_Shika:
Na gode Malam. Abin da ya ja hankalina ga gashi shi ne kotisol yana taruwa a cikinsa yayin da yake tsirowa. Ana yanko ɗan siriri daga saman ƙeya, dab da fatar kai, a lissafa cewa gashi na tsawo da kusan santimita 1 a wata, don haka santimita 3 na gindinsa zai nuna watanni 3 da suka wuce. Ta haka gashin da aka yanka bayan haihuwa zai iya ba da labarin ƙarshen ciki. Sai dai an gano cewa gashin baƙar fata ya fi na Turawa jinkirin tsawo, kuma man da ke miƙar da gashi da rini da yawan wanki suna iya taɓa sakamakon. Wanda zai yi irin wannan bincike a Zariya sai ya tambayi kowace mace abin da take shafa wa kanta da yaushe aka yi mata kitso na ƙarshe.

Hajiya_Kwarbai:
'Yata, kafin ki kai ga tambayar kitso, ki fara tunanin wace uwar miji ce za ta bari baƙuwa ta shigo da almakashi ta yanki gashin maijego ta nannaɗe a takarda ta tafi da shi. Kin san abin da mutanenmu ke zargi da gashi da farce. Sai kun zauna da mai unguwa da malamai da ungozomomi kun yi bayani filla-filla, in ba haka ba ko zaure ba za ku wuce ba.

Sista_Wusasa:
Ni ungozoma ce, kuma ina so in dawo da mu kan buƙatar Maman Hanifa, wato yadda za a gane macen da ke shan wahala a zuci. Bayan haihuwa da zarar mabiyiya ta fita, CRH ɗinta yana ɓacewa daga jini cikin awoyi, kotisol ya fara sauka, istirojin ma ya faɗi ƙasa warwas, jiki kuma ya ɗauki makonni, a wasu matan har kusan wata 3, kafin tsarin ya koma yadda yake. A kwana na 3 zuwa na 5 mata da yawa sukan yi kuka ba tare da dalili ba, su ji ƙunci da saurin fushi, daidai lokacin da gida ya cika da 'yan barka ana shirin suna. Wannan yakan wuce da kansa cikin mako 2. Wanda ya zarce haka, ya hana ta barci ko da jariri ya yi barci, ya cire mata sha'awar komai, shi ne ciwon damuwa na bayan haihuwa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 10 cikin 100 na masu ciki da kashi 13 na masu jego suna fama da matsalar da ta shafi lafiyar ƙwaƙwalwa, mafi yawa ciwon damuwa, a ƙasashe masu tasowa kuwa adadin ya kai kashi 15.6 da 19.8. Ba da jini ake gano su ba. Akwai tambayoyi 10 da John Cox da abokan aikinsa suka wallafa a 1987, waɗanda aka sani da ma'aunin Edinbura, ana amsa su cikin minti 5, a haɗa maki daga 0 zuwa 30. Tambaya ta ƙarshe ita ce ko tunanin cutar da kanta ya taɓa zo mata. Babu wata na'ura da za ta amsa wannan. Abin da ya rage mana shi ne wuri mai sirri da lokaci, domin ba a yi wa mace irin wannan tambaya a gaban mata hamsin da ke jiran layi, ko a gaban ƙanwar mijin da ta rako ta.

Ummu_Khalil_Jushi:
Ina neman afuwar likitoci, amma kada a rufe maganar a kan cewa gwajin ba shi da amfani, domin shi ya ceci yayata. Ta haihu a gida, jini ya ɓalle mata sosai, sai da aka yi mata ƙarin jini a wani ƙaramin asibiti. Bayan an sallame ta nono ya ƙi zuwa, aka yi ta ba ta kunun gyaɗa da duk abin da aka sani, shiru. Jinin al'ada bai dawo ba ko da yaron ya yi tafiya. Kullum a kwance take, idan ta miƙe jiri ya ɗebe ta, tana jin sanyi ko a watan zafi, har gashin hammatarta ya zube. Wasu suka ce lalaci ne, wasu suka ce tunanin kishiya ne, wasu suka ce iska ce. Inda aka yi ta kai ta, maganin ƙarin jini da na maleriya kawai ake rubuta mata. Sai da aka tura ta wajen likitan da ya ƙware a kan sinadaran jiki, ya sa aka ɗebi jininta da ƙarfe 8 na safe, aka ga kotisol ɗinta ya yi ƙasa ƙwarai. Yanzu tana shan ƙwayoyi kullum, ta koma ɗinkinta.

Likitar_Mata_Zazzau:
Ummu Khalil, Allah ya ƙara wa Yaya lafiya, kuma kin kawo abin da ya kamata a ce na faɗa tun farko. Abin da kika siffanta ya yi daidai da ciwon da Harold Sheehan ya bayyana a 1937. Ƙullutun fituwitari yana ƙara girma lokacin ciki, idan jini ya zuba da yawa wajen haihuwa sai ya rasa isasshen jini, wani ɓangarensa ya mutu, umarnin yin nono da na al'ada da na kotisol duk su tsaya. A inda zubar jini bayan haihuwa ya yawaita kamar yankinmu, dole likita ya riƙe wannan a ransa. A nan gwajin kotisol na safe yana da muhimmanci ƙwarai, tare da na sinadarin da ƙullutun tayroid na maƙogwaro ke fitarwa. Ku lura dai cewa ƙarancinsa aka nema, bisa alamu bayyanannu, ba yawansa ba. Wadda ke shan irin wannan magani kuma kada ta yanke shi da kanta, idan zazzaɓi ko amai ya kama ta ta hanzarta zuwa asibiti, domin a lokacin jikinta ya fi buƙatarsa.

Malam_Kemis_Muciya:
Akwai wani abu da ke ɓata wannan gwaji wanda mata ba sa faɗa wa likita. Mayukan bilicin da yawa suna ɗauke da sinadarin sitiroyid mai ƙarfi, wanda ke aiki a jiki irin na kotisol, haka ma ƙwayoyin ƙiba da ake sayarwa a kasuwa, waɗanda galibi deksametason ne a ciki. Wanda ya daɗe yana amfani da su, jikinsa yakan rage yin nasa kotisol ɗin, sakamakon gwaji ya fito ƙasa, kuma dainawa farat ɗaya na iya kwantar da mutum. Shi deksametason ɗin a hannun likita alheri ne: tun gwajin da Liggins da Howie suka wallafa a Niyu Zilan a 1972 ake yi wa mai naƙudar bakwaini allurar irinsa don huhun jariri, kuma binciken Hukumar Lafiya ta Duniya na 2020 a ƙasashe 5 har da Najeriya, a kan mata 2,852, ya nuna yana rage mutuwar jariran. Wadda aka yi wa wannan allura, kotisol ɗinta zai sauka na 'yan kwanaki, mai karanta sakamako ya kamata ya sani.

Baban_Zara_Palladan:
Tunda ana maganar jego, shin wankan ruwan zafi da ganyen darbejiya safe da yamma ba ya cikin abubuwan da ke tayar da wannan sinadari? Na ga yadda maiɗakina ke fitowa a galabaice.

Likitar_Mata_Zazzau:
Duk abin da ya takura jiki, zafi ne ko ciwo ko rashin barci, yana iya ɗaga shi na ɗan lokaci. Abin da aka fi rubutawa game da wankan jego a Zariya dai maganar zuciya ce. Davidson da Parry, da suka yi aiki a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, sun wallafa a 1978 bayanin mata 224 da zuciyarsu ta gaza a kusa da haihuwa, suka alaƙanta abin da kunun kanwa mai yawan gishiri da kuma zafin wanka da na gadon ƙasa da ake hura wa wuta. Binciken da aka yi daga baya a Kano ya nuna akwai wasu dalilan, ciki har da ƙarancin sinadarin seleniyom. Muhimmin abu ga magidanci shi ne, maijegon da ƙafarta ta kumbura, take haki, ba ta iya kwanciya miƙe sai an jingina ta da matasai, ba damuwa ke damun ta ba, asibiti za a kai ta a ranar.

Hajiya_Kwarbai:
Likita, kanwar mun yarda a rage, amma wankan ba za a bari ba, a dai sirka ruwan.

Maman_Hanifa_Gyallesu:
Na gode muku duka, na fahimci cewa lambar ba za ta bambance mai damuwa da maras damuwa ba, kuma na janye batun yi wa kowa. Amma har yanzu tambayata tana nan. Tambayoyi 10 da Sista ta ambata, amsar bakin matar ce, ita kuwa bakinta ne aka ƙi gaskatawa tun farko. Idan ta dawo ta ce an yi mini tambayoyi an ce ina da ciwon damuwa, za a ce ai ke kika faɗa musu. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, shi ya sa nake nanatawa.

Sista_Wusasa:
Abin da nake yi a irin wannan hali shi ne in rubuta a katin awo cewa ana son ganin maigida, idan ya zo in yi masa bayani da kaina. Kafin nan kuma nakan tabbatar an duba yawan jininta, domin ƙarancin jini ma yana kawo kasala da bugun zuciya. Waɗanda abin ya yi wa tsanani muna tura su sashen masu kula da lafiyar ƙwaƙwalwa a asibitin koyarwa na Shika. Wadda ta fara sambatu ko ganin abin da babu shi a kwanakin farko na jego kuwa, abin da ke samun mace 1 ko 2 cikin 1,000, ba a kwana da ita a gida, kuma ba a barin ta ita kaɗai da jariri.

Ummu_Khalil_Jushi:
Sista, nawa ne cikin mazan suke amsa kiran? Mijin yayata bai taka asibiti ba sai ranar da aka ce ga sakamakon jini ya fito. A wannan gaɓar ina tare da Maman Hanifa.

Baban_Zara_Palladan:
Kada a haɗa mu duka a yi mana kuɗin goro. Wani ba ƙin zuwa yake yi ba, ranar awon ce ta faɗo a ranar aiki, kuma a wurare da yawa namiji ko ƙofar ɗakin awo ba a bari ya tsaya. Da za a ware wata rana ko wani lokaci da yamma domin magidanta, da an ga bambanci.

Ɗaliba_Shika:
Ni abin da nake gani shi ne, a matsayin bincike, gwajin yawu da na gashi sun cancanci a yi su a nan, tare da tambayoyin Edinbura, domin mafi yawan alƙaluman da muke dogaro da su daga matan Turai da Amurka aka samo su, masu abinci da barci da zaman aure daban da namu. Malam mai gwaji, idan aka ɗauki yawu a ƙauyukan Giwa ko Soba a watan Afrilu, kwana nawa zai iya yi a cikin kula mai ƙanƙara kafin a kai shi firiza?

MaiGwaji_TudunWada:
Kotisol na yawu yana da juriya, yakan yi 'yan kwanaki bai lalace ba, amma a zafin Afrilu ni ba zan bar shi ya kwana a hanya ba, domin audugar na iya yin fumfuna. Ki shirya yadda za a kawo na kowace rana a ranar, ki kuma nemi izinin kwamitin ɗa'a na bincike da amincewar kowace mace kafin ki sayi ko roba ɗaya.